Ragowar buhunan naman kaza: Takin da ke gyara lambu idan an bar shi ya nuna

A makon nan za mu shiga lambun kayan miya ne, saboda tambayar da wata uwargida ta aiko mana daga Kajuru a Jihar Kaduna. Ta ce wani maƙwabcinsu ya fara noman naman kaza a cikin ɗaki, kuma duk bayan 'yan watanni yakan fitar da tulin buhunan da suka gama ba da amfani, ya ce duk mai so ya ɗiba kyauta. Tana da fangali huɗu na alayyahu da tumatir da kuɓewa a gefen gida. Wasu sun ce mata abin ya fi takin zamani, wasu sun ce zai ƙone mata shuka, wata kuma ta tsorata ta da cewa zai sa wa ganye guba. Tana tambaya wanne za ta kama.

Amsarmu ita ce ta karɓa da hannu biyu, amma kada ta zuba shi a lambu ranar da ta ɗauko. Wannan ragowa tana gyara ƙasa gyara mai kyau, sai dai ɗanya ce, kuma tana bukatar wata biyu zuwa uku kafin ta nuna. Wanda ya yi gaggawa zai iya rasa shukar rani guda, wanda ya jira zai ci moriyarta shekara da shekaru.

Tambayar ta zo a kan gaɓa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dakon kaya ya hau, kayan miya da takin zamani suka bi shi. A Ƙaramar Hukumar Kajuru da wasu sassan Kudancin Kaduna kuma, matsalar tsaro ta hana iyalai da yawa zuwa gonakinsu na nesa, don haka ɗan filin da ke jikin gida ya ƙara daraja. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kullum. Gidan da ke da mutum takwas ba zai iya sayen wannan kullum a Kasuwan Magani ko a kasuwar Kafanchan ba, amma fangali uku ko huɗu masu kyau za su rage masa nauyi sosai.

Mene ne wannan taki?

Ga waɗanda ba su saba ba, naman kaza ba kazar da muke yankawa ba ce. Shi ne abin nan mai kama da lema da ke tsirowa da damina a jikin ruɓaɓɓen itace ko kusa da suri, wanda wasu ke kira lemar kwaɗi. Mutanen Kudancin Kaduna sun daɗe suna tsinto wasu irinsa a daji suna miya da su. Abin da ke sabo shi ne noma shi a ɗaki, sana'ar da ta fi ƙarfi a kudancin ƙasar nan kuma take yaɗuwa zuwa Arewa sannu a hankali.

Irin da aka fi nomawa a Najeriya shi ne wanda ake kira oyista, fari ko ruwan toka, mai faɗi kamar mafici, yana fitowa gungu-gungu. Ba a ƙasa ake shuka shi ba. Manomi yakan haɗa garin katako da dusar shinkafa ko ta alkama da ɗan garin farar ƙasa, wani kuma ya yi amfani da karan shinkafa ko totuwar masara a madadin katakon. Sai ya jiƙa, ya ɗura a ledoji, ya turara su a duro na tsawon sa'o'i don kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya zuba irin, wanda galibi a jikin ƙwayar dawa ake renonsa. Bayan makonni kaɗan wani farin zare-zare kamar saƙar gizo yakan mamaye ledar, daga nan naman kazan ya fara fitowa. Akan girba sau uku ko huɗu, sai amfanin ya ja baya, manomi ya fitar da buhunan ya sa sababbi.

Abin da ya rage a cikin ledar shi ne batunmu. Yana da yawa, domin masana sun ƙiyasta cewa duk kilo 1 na naman kaza yakan bar kimanin kilo 5 na ragowa. Shi ya sa manomin ke neman mai ɗauka.

Ba duk takin naman kaza ne iri ɗaya ba

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Mafi yawan bayanan da ake karantawa a intanet kan takin naman kaza daga Turai da Amurka suke, kuma a kan wani iri dabam suke magana, wato mai dunƙulallen kai kamar maɓallin riga. Tun ƙarni na 17 Faransawa suka fara noma shi a kan kashin dawaki a kewayen birnin Faris. Har yau da karan alkama da kashin dawaki ko na kaji ake haɗa masa shimfiɗa, a ƙara da jifsam, sannan a rufe da wata baƙar ƙasar fadama da aka gauraya da alli. A Jihar Fensilbeniya, wadda ke samar da fiye da rabin naman kazan Amurka, motoci-motoci ake sayar da ragowarsa ga masu lambu. Irin wannan ragowa ta riga ta ruɓe tun kafin a shuka naman kazan a kanta. Babbar matsalarta gishiri ne da yawan alli.

Namu na garin katako ba haka yake ba. Gishirinsa bai kai na wancan ba, amma bai ruɓe ba, kuma abincin shuka da ke cikinsa kaɗan ne. Don haka duk wanda ya ɗauki shawarar Turawa ya ɗora a kan buhunan garin katako zai iya shan mamaki. Tambayar farko da za ku yi wa manomi ita ce: da me aka haɗa buhunan nan?

Abin da zai yi wa ƙasarku

Ƙasar Kajuru da Kachia da Zonkwa da Kagoro har zuwa Kafanchan tana samun ruwan sama fiye da na Kano da Katsina nesa ba kusa ba, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Wannan ruwa alheri ne, amma yana wanke abincin shuka daga ƙasa, ya bar ta da ɗan tsami. Jar ƙasar da ke kewaye da gidaje kuwa, da damina takan yi danƙo, da hunturu ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, har ruwan da aka zuba ya riƙa gudu ta sama bai shiga ba.

Ruɓaɓɓen takin naman kaza maganin wannan ne. Yana sassauta ƙasa saiwa ta samu hanya, yana riƙe ruwa kamar soso ta yadda ban ruwan safe zai kai yamma, yana kuma jawo tana da sauran ƙananan halittu masu gyara ƙasa. Ɗan allin da ke cikinsa yana rage tsamin ƙasa, kamar yadda uwargida ke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami. Ga mai jan ruwa da guga daga rijiya a watan Fabrairu ko Maris, rage bokiti biyu ko uku a kullum ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Akwai kuma wani ƙarin amfani. A 1984 wasu masana a Jami'ar Guelph ta ƙasar Kanada sun nuna cewa farin zaren nan na oyista yana shanye jikin wasu ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, sannan ya cinye su. Dangin waɗannan tsutsotsi ne ke sa saiwar tumatir da ta kuɓewa ta yi ƙulu-ƙulu shuka ta tsumbure. Wannan ba ya nufin takin magani ne, kuma ba zai maye gurbin sauya wurin shuka duk shekara ba, amma yana cikin dalilan da suka sa masu bincike ke ganin darajarsa.

Abin da ba zai yi ba shi ne ya zama madadin taki mai ƙarfi. Sinadarin naitirojin, wanda ke sa ganye ya yi kore shar, bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na busasshen takin ba, kuma a hankali yake sakinsa. Ku kwatanta da NPK 15-15-15 mai kashi 15, ko yuriya mai kashi 46. Saboda haka wanda ya ce ya fi takin zamani ya yi kuskure. Aikinsu ne ya bambanta: wannan yana gyara ƙasa, wancan yana ciyar da shuka nan take. Idan ƙasa ta gyaru, ɗan takin da kuka sa ba zai zurare ya bi ruwa ba.

Yadda ɗanyensa ke cutar da shuka

Hanya ta farko ita ce yunwa. Idan aka binne ɗanyen garin katako, ƙananan halittun da ke ruɓar da shi suna bukatar naitirojin don su yi aikin, kuma daga cikin ƙasar suke ɗiba, wato suna cin rabon shuka. Bayan mako biyu ko uku sai a ga ganyen alayyahu na ƙasa ya koma ruwan ɗorawa, tsiro ya tsaya cak. Mai lambu ya yi ta ƙara ruwa, alhali ba ƙishirwa ce ke damun shukar ba. Daga baya naitirojin ɗin yana komawa ƙasa, amma alayyahu da ake yanka cikin mako huɗu zuwa shida ba zai iya jira ba.

Hanya ta biyu gishiri ne, musamman idan akwai kashin kaji a haɗin. Duk wadda ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ta ga yadda yake tsotso ruwanta. Haka yake yi wa saiwar ƙaramin tsiro. Alamunsa su ne iri ya ƙi fitowa, bakin ganye ya bushe kamar an babbake, ko a ga fari-fari a saman ƙasa. Da damina ruwan sama yana wanke shi, amma a lambun rani da ake ba ruwa kaɗan-kaɗan taruwa yake yi.

Hanya ta uku ita ce alli idan ya yi yawa. Kanwa kaɗan tana gyara miya, in ta zarce ta ɓata ta. Wanda ke jibga takin nan da kauri duk shekara a wuri ɗaya zai wayi gari ƙasar ta wuce yadda shuka ke so, sababbin ganye su riƙa fitowa fari-fari. Haɗarin ya fi yawa ga mai ƙara masa tokar murhu, domin ita ma aikin kanwa take yi. A zaɓi ɗaya daga cikinsu.

Sai kuma gara. Garin katako abincinta ne. Kada a tara shi a jikin katangar ƙasa, ko gindin rumbu, ko kusa da ɗakin da ke da rufin katako.

Yadda za ku nunar da shi

Ku fara da cire ledojin gaba ɗaya, har da zoben roba da audugar da ake toshe baki da ita. Kada a ƙona ledar a tsakar gida, hayaƙinta yana cutar da ƙirji. Sannan a murmushe dunƙulen da fartanya bayan an yayyafa masa ruwa.

A samu wuri mai inuwa, nesa da rijiya da hanyar ruwa, don kada ruwan da ke tsiyaya daga tsibin ya gangara cikin ruwan sha. A auna bokiti uku na ragowar naman kaza, a haɗa da bokiti ɗaya na kashin kaji. Idan na awaki ko na shanu ne, bokiti biyu na ragowar da ɗaya na kashin, domin ba su kai na kaji ƙarfi ba. Ɗanyar ciyawa da ba ta yi 'ya'ya ba, da ganyen wake ko na gyaɗa, da ɓawon kayan miya duk suna da amfani a ciki. Ban da nama da ƙashi da mai, su ne ke jawo ɓeraye da ƙudaje. Ban da kashin kare da na kyanwa.

A jiƙa haɗin daidai yadda idan aka damƙa a hannu zai dunƙule, ruwa ya ɗan fito tsakanin yatsu amma bai zuba ba. A tara shi tsibi guda mai tsayin kusan mita 1, a rufe da tsofaffin buhuna ko ciyawa. Ƙaramin tsibi ba ya ɗaukar zafi, kuma zafin ne ke aikin. Bayan kwana uku ko huɗu a soka sanda ko ƙarfe a tsakiya, a bar shi minti biyar a zaro. Idan ya yi zafi sosai a hannu, aiki ya kankama. Zafin da ya kai digiri 55 zuwa sama na kwanaki a jere shi ne ke kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin kashin dabbobi da 'ya'yan ciyawa.

Duk mako biyu a juya tsibin, na waje ya koma ciki, a ƙara ruwa idan ya bushe. Da hunturu saurin bushewa yake yi, a riƙa dubawa. Idan yana warin fitsari, kashin ya yi yawa, a ƙara garin katakon. Idan yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, a buɗe shi ya sha iska. Idan kuma ya ƙi yin zafi, ko ya bushe ne ko kashin ya yi kaɗan.

Cikin wata biyu zuwa uku zai nuna. Za ku gane idan ya koma baƙi-baƙi, ya daina zafi ko an juya shi, farin nan ya ɓace, kuma yana ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Wanda ya tara a watan Agusta ko Satumba zai samu na lambun rani a Nuwamba. Wanda ya tara a Fabrairu zai samu na shukar Mayu.

Kafin ku baza shi a lambu duka, ku yi ɗan gwaji da ba ya cin ko kwabo. A samu gwangwani biyu a huda gindinsu. A cika ɗaya da ƙasar lambu zalla, ɗayan da ƙasa rabi taki rabi. A shuka ƙwayar wake 10 a kowanne, a ba su ruwa daidai wa daida. Bayan kwana goma a duba. Idan na cikin takin sun fito kamar 'yan'uwansu, ya nuna. Idan kaɗan suka fito ko suka yi rauni, a ƙara masa wata guda. An zaɓi wake ne don ba ya jure gishiri, shi ne zai fara nuna matsala.

Nawa za a zuba, kuma ga wace shuka?

Kaurin yatsa biyu a saman fangali ya isa, wato kimanin santimita 3, sai a kafce shi ya gauraya da ƙasa zurfin taƙi ɗaya. Fangalin da ke da faɗin mita 1 da tsawon mita 3 zai ci bokitin fenti mai lita 20 sau huɗu da rabi. A ba shi ruwa sosai, a bar shi mako guda kafin dashe. A shekara ta biyu rabin haka ya wadatar.

Masu shuka a buhu ko tsohon bokiti, kamar yadda ake yi a gidajen haya a Kaduna da Kano da Zariya, su haɗa taki kashi ɗaya da ƙasa kashi uku, su tabbatar gindin yana da hujin fitar ruwa. Kada a shuka a cikin takin zalla. Wurin renon irin tumatir da barkono kuwa a rage shi ƙwarai, domin jaririn tsiro ya fi komai rauni.

Kabeji da alayyahu da kabewa da kuɓewa da tumatir da gauta suna jin daɗinsa. Albasa da karas da wake ba sa son gishiri, sai wanda ya nuna sarai kuma kaɗan. Dankalin turawa yakan yi ƙuraje a fata idan alli ya yi yawa a ƙasa. Citta, wadda yankin Kachia da Jaba da Kagarko ya yi suna da ita, ta fi son ƙasa mai ɗan tsami, don haka mai 'yan kunyoyin citta a gida ya sassauta hannu. Kuma kada wani ya sayar muku da shi da sunan maganin cutar da ta yi wa citta ɓarna a Kudancin Kaduna a 2023.

Wanda ba shi da kashin dabbobi ko lokacin juya tsibi yana da wata hanya. Ya shimfiɗa ragowar a saman ƙasa kawai, tsakanin shukokin da suka riga suka yi ƙarfi, ba tare da ya binne ta ba, ya bar tazarar yatsu huɗu daga gindin shuka. A haka za ta hana ƙasa bushewa, ta danne ciyawa, ta ruɓe a hankali, kuma ba za ta ci rabon shuka sosai ba tunda ba ta kai ga saiwa. Sai dai a sa ido a kan gara.

Lafiyar iyali

Maganar cewa takin zai sa wa ganye guba ba gaskiya ba ce. Alayyahun da ya tsiro a kansa lafiyarsa lau. Haɗarin yana wani wuri ne dabam, kuma ya kamata iyaye su san shi.

Bayan an zuba takin, musamman da damina, za a iya ganin lemar kwaɗi ta tsiro a fangali. Wata ragowar oyistan ce, wata kuwa baƙuwa ce da iska ta kawo irinta. Kada a ci ko ɗaya, kuma a ja wa yara kunne. A tuge su da sassafe a binne. Wasu ire-iren naman kaza na daji suna da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ko suya ko shanya ba sa kashe ta. Abin tsoron shi ne ba ta nuna kanta da wuri. Mutum zai iya yin sa'a 6 zuwa 24 lafiya ƙalau kafin amai da gudawa su fara, sannan ya ji kamar ya warke kwana ɗaya ko biyu, alhali hantar tana lalacewa. Zancen cewa idan ƙwari ko kaji sun ci to ba shi da guba, ko cewa cokalin azurfa zai yi baƙi, duk ba abin dogaro ba ne. Idan yaro ya ci, kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jiran a gani. A kai shi asibiti mafi kusa nan take, a riƙe ragowar abin da ya ci a takarda don likita ya gani. Idan abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna da babban asibitin da ke Kafanchan.

Na biyu ƙura ce. Busasshen buhu idan aka fasa shi yakan tayar da ƙura mai ɗauke da ƙwayoyin funfuna, wadda ke tayar da asma da tari, kuma likitoci sun san wani ciwon huhu da ke kama masu aiki a ɗakunan naman kaza saboda yawan shaƙarta. A jiƙa kafin a fasa, a sa takunkumin fuska, a yi aikin a fili. Mai asma, da mai tarin fuka ko wanda ya taɓa yinsa, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, su bar wa wani aikin juya tsibi. Buhunan da suka yi kore ko baƙi a tura su can tsakiyar tsibi inda zafi ya fi yawa.

Na uku kashin dabbobin da muka ce a haɗa. Ɗanyen kashin kaji yana iya ɗaukar ƙwayoyin cutar gudawa da zazzaɓi. A ƙa'idar Amurka ta noman da ba a sa masa takin zamani, idan aka zuba ɗanyen kashi a gona sai an jira kwana 120 kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Wannan ya nuna dalilin da bai kamata a watsa ɗanyen kashi a fangalin latas ko kabeji ba, tunda ɗanye ake cinsu. A bar shi ya nuna a tsibi tukuna, kuma duk da haka a wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a yanka.

A sa safar hannu ko leda, a rufe duk wani rauni, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko jariri. Ƙwayar cutar sarƙewar haƙora a ƙasa da kashin dabbobi take zama, don haka wanda fartanya ko ƙusa ta ji wa rauni ya wanke da sabulu ya je a duba ko yana bukatar allurar rigakafi. Tsibin taki yana da ɗumi da laima, kunama da maciji suna son irin wurin. A juya shi da shebur da rana tsaka, da takalmi a ƙafa, kuma kada ya zama wurin wasan yara.

Kafin ku ɗauko

Ku tambayi manomin ko garin katakon daga wurin masu tsaga ɗanyen itace ya fito, ko daga shagon kafintoci. Na katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara, da na falankin da aka haɗa da gam, bai dace da lambun abinci ba. Ku tambaye shi ko ya fesa wa buhunan maganin ƙwari, da sunan maganin. Idan sayarwa yake yi, ku tuna fiye da rabin nauyin sabon buhu ruwa ne, kuma tsibin zai ragu sosai idan ya ruɓe, don haka kada kuɗin mota ya fi kuɗin kayan. Maƙwabta uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗin dako su tara tsibi ɗaya babba, wanda ma ya fi saurin nuna.

Mai neman ƙarin bayani kan ƙasarsa zai iya tuntuɓar malaman gona na Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Kaduna, ko Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, inda ake auna ƙasa a gane tsaminta da abin da ta rasa.

Ga mai farawa, shawararmu ita ce kada ya sa wa lambun duka a karon farko. Ya sa wa fangali ɗaya, ya bar na kusa da shi yadda yake, ya shuka abu iri ɗaya a rana ɗaya, ya lura da wanda ya fi riƙe ruwa da wanda ya fi ba da ganye. Abin da ya gani da idonsa shi zai gaya masa nawa zai tara a baɗi.

A ci gaba da aiko mana da tambayoyi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.